Kunun Kanwa a Haidarabad

Tambayar farko da aka yi min a ƙasar Indiya a kan kanwa ce. Wani ma'aikacin kwastan ne a filin jirgin saman Bombay ya zuge jakata, ya ture zannuwa gefe, ya zaro ƙulli a baƙar leda. Da ya kwance sai ya ɗaga dunƙulen sama yana jujjuyawa, ya ce da Turanci, "Wannan fa, mene ne?"

Kanwa ce, ungurnu mai kyau, wadda Innata ta sayo a kasuwar Gwarzo ta cusa min cikin kaya tare da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, wai kada in je in rasa abin kaɗa miya a ƙasar da ba a san tuwo ba. Na gama sakandare, amma duk zaman da na yi a aji ba wanda ya taɓa gaya mana sunan kanwa da Turanci. Maigidana, Malam, yana bayana a keken guragu, shi ya ɗaga murya ya ce gishirin miya ne. Mutumin ya sansana, ya yatsina fuska, ya jefa min ita cikin jaka, ya yi mana alama mu wuce.

Malam malamin firamare ne a Kabo. A shekarun nan da albashi ke yin wata da watanni bai zo ba, in ya taso daga makaranta sai ya hau babur ya yi acaɓa. A hanyar Durun wata motar hatsi ta kwashe shi, ƙugu ya karye. Aka yi ɗori a gida, ɗorin bai kama ba, wurin ya koma yana ruwa. Shekara guda yana kwance. A Kano aka ce aikin ya fi ƙarfin kayan da ake da su, 'yan'uwansa suka sayar da gonar gado, aka ce mu nufi Haidarabad. 'Ya'yanmu uku na bar wa Inna a Lakwaya. Abin da ya fito da ni ke nan, ni da ko Zariya ban taɓa zuwa ba.

Daga Bombay jirgin ƙasa muka hau. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a wuri ɗaya ba, kuma kowa mu yake kallo, ido cikin ido, har da masu leƙowa daga gadon sama. Wata mata ta matso ta goga yatsa a bayan hannuna, ta duba yatsan. Na ja hijabi na rufe hannun. Duk sanda Malam zai kewaya sai in ɗora hannunsa a kafaɗata mu ratsa tsakanin ƙafafuwan mutane, jirgi na jijjiga, ina jin haƙoransa suna ƙara.

"To Rabi," in ji shi da muka dawo mazauni, gumi na ɗiga daga gemunsa, "ga Indiyar taki. Ina masu rawar?"

Tsokana ce. Kafin aure na sha kallon finafinansu a gidan maƙwabta, kuma tun da aka fara maganar Shari'a Malam ya fitar da bidiyo daga gidanmu. 'Yan kalmomin da suka maƙale min, irin su ruwa da uwa da yi haƙuri, da su na yi ta lallaɓawa a tafiyar nan.

Da la'asar na shimfiɗa ɗankwali na fuskanci gabas kamar yadda na saba. Na sallame ke nan wani tsoho mai jan gemu ya taɓa Malam, ya nuna bayana, ya ce, "Ƙibla." Ashe mun wuce Makka, a ƙasar nan yamma ake kallo. Na zauna a ƙasan jirgin ina share hawaye. Sai a lokacin nisan da muka yi ya shiga jikina.

A tashar Haidarabad wani Bahaushe ne ya tarbe mu, Alhaji Ɗanjuma, wanda wani ɗan'uwan Malam ya haɗa mu da shi ta waya. Ina gajiya, ina mutanen gida, yaya muka baro damina, yaya mai jiki, Allah ya sa kaffara ne. Wallahi da na ji Hausa a bakinsa kamar in rungume shi. Ya ce ya kama mana masauki, ya kuma gama magana da babban likita. Ya karɓi abin da zai karɓa, ya kai mu wani bene, ɗaki a hawa na huɗu, ya sa ƙarti biyu suka kinkimi Malam suka hau da shi. Ya ce gobe da hantsi zai zo. Har yau bai zo ba.

Kwana huɗu muka yi a saman nan. Gurgu a hawa na huɗu, babu mai sauko da shi. Garin kwaki da ƙuli muka yi ta jiƙawa. A rana ta biyar na ɗauki takardun asibitin na sauka titi, na tare wani mai keke mai ƙafa uku, irin wanda daga baya aka kawo mana Kano. Na yi masa sallama don na ga hula a kansa, ya amsa. Na nuna masa takardun, na nuna saman bene, na yi ta haɗa Turanci da hannu. Ya kashe keken, ya bi ni, ya duƙa ya goya Malam a bayansa har ƙasa. Sunansa Salim.

A asibiti muka tarar ba wanda ya san da zuwanmu. Suka duba Malam suka ce ba za a taɓa ƙashin ba sai ruɓar da ke ciki ta mutu, sai ya yi makonni yana zuwa allura da wankin ciwo kullum. Salim ya tsaya yana jin komai. Da muka fito bai mayar da mu benen ba, gidansu ya wuce da mu, cikin wani lungu a tsohon gari inda kiran salla ke tashi ta kowace kusurwa. Akwai ɗaki a ƙasa kusa da ƙofa, inda mahaifinsa ya yi jinya kafin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke ce wa Ammi, wata gajeriyar tsohuwa mai kaifin ido, ta dube mu daga sama har ƙasa, ta yi doguwar magana da ɗanta, sannan ta je ta ɗauko tsintsiya. Nan muka zauna. Kullum da safe Salim zai goya Malam zuwa keke, ya kai shi asibiti, ya dawo da shi.

Matar Salim, Nasrin, tana da tsohon ciki. 'Yar siririya ce, in ka cire cikin ba abin da ya rage. Ta yi makaranta, Turancinta kamar nawa, don haka muka shaƙu. Apa take ce min, wato yaya. Na lura cikin idonta fari fat, kamar an wanke. Na lura ita ke cin abinci a ƙarshe, bayan maza da Ammi. Na kuma lura a wata 'yar tukunya daban Ammi ke dafa nata. Nasrin takan ci tana ɓata fuska, ta ce min, "Apa, lami, kamar takarda." Na ɗauka al'adarsu ce ga masu ciki. Ban tambaya ba.

Ta haifi mace a asibitin gwamnati, kwana biyu aka sallamo ta. Su ma ashe suna zaman arba'in kamar mu, mai jego ba ta fita, sai dai nasu daban. Ba ƙauri, ba gasasshen nama, ba kunu. Wani dunƙulen gari da man shanu da sukari ake ba ta, ruwan sha kuwa da ɗan kofi ake auna mata, wai yana kumbura ciki. Nono ya ƙi zuwa. Jaririyar ta yi ta tsala ihu har muryarta ta dishe, Ammi na faɗa, Nasrin na kuka tana matsa ƙirji babu komai.

Abin ya tsaya min a rai. A garinmu mai jego sarauniya ce. Haihuwata uku, kowacce Inna ta yi min wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, ta dama min kunun kanwa mai yaji in sha har in yi gumi, nono ya yi ta zuba yana jiƙa zani. Ga darbejiya a ƙofar gidan su Salim, irin tamu sak. Na nuna wa Ammi ganyen, na nuna tukunya, na nuna Nasrin. Ta gyaɗa kai, su ma sun san shi. Na fara yi mata wankan jego, ina tsoma ganye a ruwa ina fyaɗa mata, tana ihu tana dariya, tana cewa zan dafa ta.

A kasuwar lungun na ga gero. Na tsaya ina shafa shi a buhu kamar na ga ɗan'uwa. Na saya, na surfa a ɗan turminsu na ƙarfe, na jiƙa, na kai aka markaɗa da citta da kanunfari da masoro. Na fasa ungurnun Inna na jiƙa, na dama kunu a risho a ɗakinmu. Ƙamshin kaɗai ya sa Malam ya tashi zaune.

"Ungozomar Indiya," ya ce, "a sam min mana, ko sai na haihu?"

Na zuba masa. Ya kurɓa, ya lumshe ido, can ya ce, "Amma ki bi a hankali, Rabi. Nan ba Lakwaya ba ce."

Na ce, "Malam, jego ai jego ne ko'ina."

Bayan azahar Ammi takan kwanta. A lokacin na hau sama da kunun a fulas. Nasrin ta ɗanɗana, ta zaro ido, ta kafa kai sai da ta ga ƙarshen kofin. Ta ce rabonta da abin da ke da ɗanɗano tun cikin yana wata bakwai. Sannan ta kama hannuna ta ce kada in bari Ammi ta sani, ba ta yarda mai jego ta ci abin da ba ita ta dafa ba. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa kamar 'yan makarantar kwana. Kwana uku da fara sha nono ya zo. Jaririyar ta yi shiru, gida ya yi daɗi, Ammi ta yi ta yabon dunƙulenta na man shanu. Ni kuwa na yi ta gode wa Allah da ya sa na sami abin da zan saka wa mutanen nan da shi.

Wajen kwana goma sha biyu na ga ƙafafunta sun tasa. Na danna da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ban tsorata ba, don na san wannan. A wajenmu in mai jego ta kumbura cewa ake sanyi ne ya shige ta, wanka bai ratsa ba, kanwa ba ta ji ba. Haka na ji tsofaffi na faɗa tun ina yarinya. Sai na ƙara wa ruwan wanka zafi. Na ninka kanwar. Na koma kai mata sau biyu, har da hantsi in Ammi ta tafi cefane. Kumburin ya hau gwiwa. Ta fara tsayawa tsakiyar magana tana neman numfashi, ta ce in ta kwanta ji take kamar an ɗora mata dutsen niƙa. Na ce ta yi haƙuri, sanyin ne ke fita. Da hannuna na riƙe mata kofin.

Ranar Litinin aka gaya mana ciwon Malam ya bushe, za a yi aiki ranar Alhamis. Ranar Talata da hantsi ina wanke geron kunu na ji ihun Ammi daga sama. Na hau da gudu. Nasrin na zaune a bakin gado ta dafa gwiwoyi, wuya a miƙe, leɓɓanta sun yi shuɗi, tana tari wani kumfa ja-ja na fitowa. Salim ya sungume ta, Ammi ta ɗauki jaririya, ni na riƙe ta a zaune cikin keken, don in ta kishingiɗa numfashin ɗaukewa yake. Ban daina karanta duk abin da ya zo bakina ba har muka isa.

Ɗakin masu jegon asibitin nan ba zan manta da shi ba. Gado ɗaya mata biyu, kai da ƙafa, wasu a tabarma a ƙasa. Wata an rataya mata jini, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe. Wata zazzaɓi na kaɗa ta, uwarta na danne ta. Wata ta zuba wa bango ido, jaririnta na kuka a gefenta ba ta ko waiwaya. Kusan dukkansu farare fat irin Nasrin, 'yan yara da su. Aka wuce da ita wani ɗaki na ciki aka rufa mata robar numfashi.

Can likita ta fito, wata 'yar ƙaramar mata mai furfura da tabarau. Ta tsare Ammi da tambaya da yarensu, murya na hawa. Ammi na dukan ƙirji tana ambaton Allah. Ban ji yaren ba, amma da likitar ta juya ga wani ƙaramin likita ta yi masa Turanci, na ji komai. Ta ce ruwa ya cika huhun Nasrin, zuciya ta gaza. Ta ce tun cikin yana wata bakwai jininta ya hau, ita da kanta ta hana a sa mata gishiri, ko ƙwaya. Ta ce wani abu ake ɗura mata a gida, kuma tsohuwar nan ta ƙi faɗa. In gishiri ne ta san abin yi, in kuwa wani haɗin gargajiya ne mai taɓa ƙoda, maganin da za ta ƙara zai iya ƙarasa ta.

'Yar tukunyar nan ta daban ta faɗo min. Na dubi Ammi, tana rantsuwa tana kuka, na dubi Salim, yana kallon uwarsa da wani irin ido da bai kamata ɗa ya kalli uwa da shi ba. Mutum biyu ne a duniya suka san kunun nan ban da Malam, ɗaya tana ciki ba ta iya magana. Na ce da Salim zan je in duba Malam, na fita.

A ƙasa na taka har gida, ban san yadda na gane hanya ba. Na rufe ƙofar ɗakinmu na gaya wa Malam.

"Ta faɗi sunanki?"

"Ba ta iya magana, Malam."

"To." Ya juyo gare ni. "Rabi, mu baƙi ne. Ba mu da kowa. In yarinyar nan ta cika, 'yan sanda za su kira, su ce baƙar mata ta ba ta guba. Wa zai tsaya miki? Da wane yare?"

"Na sani."

"Ko ba 'yan sanda, yau za su fitar mana da kaya. Wa zai goya ni? Ki bari a wuce Alhamis. Jibi ne fa. In an yi aikin, ni da kaina zan raka ki ki faɗa."

Na ce, "In ba ta kai Alhamis ba fa?"

Ya buga hannu a katifa. "Shekara guda ina kwance, Rabi! Ke kike kwashe min kashi. Gonar ubanmu aka sayar. In koma Kabo a haka in ce musu me? In ce kunu?"

Ban taɓa jin muryarsa ta karye haka ba, ko ranar da aka kawo shi daga hanyar Durun. Ya juya fuska bango. Na yi alwala na tayar da azahar, na rasa ko raka'a nawa na yi, na sake, na sake rasawa. A sujada fuskar Ammi kawai nake gani. Da na sallame na jawo jaka na ciro ledar. Dunƙulen da ya zo kamar kan jariri ya koma bai fi ƙwai biyu ba. Na ƙulle a bakin hijabi, na sa takalmi.

"Tsaya," in ji Malam, bai juyo ba. "Miƙo min biro da takarda. In kika je haka ruɗewa za ki yi, Turancin ya gudu."

Ya tashi zaune da ƙyar. Ya yi ta tambayata kamar yana aji: ranar da na fara, sau nawa a yini, yaya girman abin da nake jiƙawa, ranar da na ninka, zafin ruwan wanka. Ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na allo. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya, ya karanta min: matata ce, da sanina ta yi, alheri ta nufa. Ya sa hannu.

"Tafi da ledar duka," ya ce. "Allah ya sa a dace."

Na tarar da su inda na bar su. Na wuce Ammi da Salim na tsaya a ƙofar ɗakin ciki har likitar ta fito. Na miƙa mata takardar, na kwance bakin hijabi. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta sake karantawa. Ta ɓantari kanwar ta ɗora a harshe, ta tofar a auduga.

"Kullum?"

Na ce kullum.

"Ganye fa? Saiwa? Wani gari?"

Na ce babu, daga gero sai kayan yaji sai wannan. Ta juya da sauri tana ƙwala wa ma'aikata kira, aka shiga da allurai, ƙofa ta rufe.

Salim ne ya ɗauki takardar daga kan bencin da likitar ta ajiye ta. Ya karanta a hankali, leɓɓansa na motsi, sannan ya fassara wa uwarsa. Na durƙusa a gabanta na faɗi kalmar ban haƙurin da na sani da yarensu. Na ɗauka za ta mare ni, kuma da ta mara da na fi samun sauƙi. Ta matsar da jaririyar daga ɓangaren da nake zuwa ɗaya kafaɗar, ta faɗi wata gajeriyar magana. Na dubi Salim. Ya ƙi fassarawa.

Kafin la'asar kayanmu na ƙofar gida. Salim ya shiga ya goya Malam kamar kullum, ya sa shi a keke, ya kai mu asibitin ƙashi, ya zaunar da shi a benci, ya jera mana jakunkuna a gefe. Malam ya miƙa masa hannu. Ya dubi hannun, ya taɓa da 'yan yatsu, ya tafi. Da ma'aikatan suka ga ba mu da wurin zuwa sai suka ba Malam gado tun ranar, ni kuma na shimfiɗa zani a baranda tare da sauran masu jinya. Duk takalmin da ya yi ƙara a barandar nan sai gabana ya faɗi, in ce 'yan sanda ne.

Aka yi aikin ranar Alhamis, Allah ya ba da sa'a. Da ya farfaɗo, kafin ya nemi ruwa, cewa ya yi, "Yarinyar fa?" Ban sani ba. Kwana tara ban sani ba. Ina wanke masa jiki, ina ba shi abinci, ina amsa gaisuwar mutane, amma rabin raina na wancan asibitin. Sau biyu ina zuwa bakin ƙofarsa in juyo, don tsoron abin da za a gaya min.

A rana ta goma na shiga. Na zauna a ƙofar ofishin likitar har ta gama ganin mata. Ta gane ni. Ta ce Nasrin tana da rai, an cire robar, ruwan ya sauka. Na zame daga kujera na yi sujada a tsakar ofishinta. Da na tashi na yi mata tambayar da ta hana ni cin abinci.

"Likita, ni ce?"

Ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce zuciyar da ma ta raunana, ga ƙarancin jini, ga hawan jini. Ta ce irin Nasrin ba makon da ba ta gani, kuma ba 'yar Afirka ko ɗaya a gidajensu. Amma abin da na ba ta gishiri ne mai ƙarfi, ya tara mata ruwan da zuciyar ba za ta iya turawa ba, zafin wankan ya ƙara. "Nawa ne naki, nawa ne ba naki ba, ba ni da ma'aunin da zan raba miki," in ji ta. Ta ce takardar ta taimaka. Ta kuma ce zuciyar ba za ta koma daidai ba, Nasrin ba za ta sake ɗaukar ciki ba in tana son ranta. Ta ba ni minti biyar in shiga in gan ta.

An jingina ta da matasai uku. Ta zube, wuyan hannunta kamar kara, jaririyar na kwance a cinyarta. Da ta gan ni ta yi murmushi.

"Apa. Yaya ƙafar Malam?"

Na durƙusa a gefen gadon na kama ƙafarta, na ce ta yafe min don Allah.

"Ni fa na ce ki ɓoye," ta ce, tana hutawa tsakanin kalmomi. "Na san an hana ni gishiri. Ban san shi ne a ciki ba, amma ban tambaya ba, don kada ki daina kawowa." Ta ja numfashi. "Me ya sa kika faɗa? Ni da ba zan taɓa faɗa ba."

Na ce, "Da kin mutu."

Ta dubi 'yar. "Ita kaɗai ce zan samu, an gaya miki?" Na gyaɗa kai. "To ɗauke min ita kaɗan, hannuwana sun gaji. Na yafe, Apa. Tashi, ana kallonmu."

Na ɗauki yarinyar. Ta yi nauyi, madarar gwangwani ta karɓe ta. Ina cikin gyara mata hula na ji ɗakin ya canza, na ɗago. Ammi ce a ƙofa, da kwanon abinci a hannu. Ta ajiye kwanon a kan akwatin gefen gado. Ta zo gabana ta miƙo hannu biyu, na sa mata jikarta. Ba ta fizga ba, ba ta kuma dubi fuskata ba. Ta juya min baya tana jijjiga ta.

Ma'aikaciya ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Na taɓa hannun Nasrin, na taka har bakin ƙofa, na tsaya. Na san ba zan sake ganin mutanen nan ba sai a gaban Allah. Na juyo na ce da bayan tsohuwar, "Assalamu alaikum, Ammi."

Jijjigar ta tsaya. Na ji tarin wata a gadon can, na ji kukan wani jariri, na ji bugun zuciyata. Har na sa ƙafa ɗaya waje.

"Wa alaikumus salam," ta ce, tana kallon bango.

Iyakar abin da na samu daga gare ta ke nan, da shi na dawo gida.